Muryar Baba a Lasifika

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo wai na bar su a tsaye, to ku nemi wuri ku zauna.

Ranar Laraba ce. Tun da safe hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, amma ruwan ya ƙi sauka, iska ma ta ɗauke cak. Irin zafin nan da riga take manne wa mutum a gadon baya. A cikinsa muka kafa motarmu a bakin filin ƙwallo, inda jam'iyyar Dattijo take taronta na ƙarshe kafin zaɓen shugaban ƙasa.

Ni da Baba sana'armu ke nan. Tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, lasifika huɗu a samanta, amfilifaya da ƙaramin janareta a baya. Da ita ake ɗora tukunya a gidanmu. Baba kuwa muryarsa ce jarinsa, har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Mai Murya yake ce masa. Shi yake yi wa Dattijo talla tun Dattijo yana minista, har ya hau kujera, ga shi yanzu yana neman a mayar da shi.

Ana cikin taro janareta ya yi tari ya mutu. Baba yana can ƙarƙashin rumfa wajen gaida manya. Na ja igiya, ya tashi, tallar Dattijo ta ci gaba da fita. Ni kuma na haye saman mota don in ɗaure wayar wata lasifika da take shaƙewa.

Abin da na manta shi ne, in wuta ta ɗauke, na'urar tana mantawa an ce mata ta riƙa maimaita abu ɗaya. Sai an sake danna mata. Ban danna ba.

Tallar ta ƙare. Maimakon ta koma farko, sai ta wuce zuwa abin da yake gaba a cikin memorin da Baba yake ɗaukar tallarsa a ciki. Ni ban ma san akwai wani abu a gaba ba.

Muryar Baba ta fito daga lasifika huɗu, a natse, kamar yana zaune kusa da kai.

"Jama'a, Mai Murya ne. Na daɗe ina ce muku ruwa yana zuwa. Ku je ku murɗa famfunanku. Ni dai na murɗa nawa. Wannan karon ku ba Injiniya. Ko ɓatawa zai yi, a ƙalla mu ga sabuwar ɓarna, mun gaji da tsohuwar."

Injiniya shi ne abokin hamayyar Dattijo, matashin da yake yawo yana cewa komai zai canja. A filin nan ko fostarsa aka gani a aljihunka sai ka yi bayani.

Wurin ya yi tsit. Har mai tallan ruwa ta tsaya da tire a ka.

Kafin in dira, wani ya nuna ni da hannu.

"Ga shi can a sama. Auta ne. Shi yake kwaikwayon muryar ubansa."

Bai yi ƙarya ba a kan kwaikwayon. Tun da na bar makaranta a aji uku na gwada gyaran waya, na gwada wankin mota, babu inda na zauna. Abu ɗaya na iya, in ji muryar mutum in maido masa da ita. Na taɓa laɓewa bayan shagon mai shayi na kira shi da muryar Baba, ya fito da kofi a hannu yana russunawa. Unguwa duk ta san wannan. Ta kuma san ni ɗan Injiniya ne, don ban taɓa iya riƙe bakina ba.

Ta ƙafa suka sauko da ni. Sauran ban gan shi sosai ba. Mai faci na bakin layinmu ne ya fizge ni daga hannunsu ya ɗora ni a babur, ina jin wani yana cewa a tura motar zuwa gidan Ciyaman, shugaban jam'iyya na yankinmu.

*

Umma ta zaunar da ni a benci a tsakar gida, tana goge min kunne da ruwan ɗumi da gishiri. Bakinta kuwa bai huta ba.

"Ka huta yanzu? Ka ga canjin?"

"Umma, ba ni ba ne."

"Tsaya da kyau."

"Wallahi ba ni ba ne."

"Eh mana. Aljanin lasifika ne ya shiga ya yi magana."

"Ki saurare ni dai."

"Na saurare ka ranar da ka ce makaranta ɓata lokaci ce. Na saurare ka ranar da ka ce mai gyaran waya baƙin ciki yake maka. Na gaji da sauraro, Auta. Mutumin nan shekara da shekaru yana lallaɓa sunansa, kai ka zo ka zubar da shi a rana ɗaya don abokanka su yi dariya."

Ta matse tsumman, ruwan kwanon ya yi ja.

Sai muka ji ƙarar ƙofa. Baba ya shigo babu hula, aljihun rigarsa a yage yana lilo. Bai kalle ni ba. Ya zauna a ɗaya gefen bencin, ya cire takalmi, ya jera su kamar yadda yake yi kullum.

"Malam, ina motar?" in ji Umma.

"Tana gidan Ciyaman."

"Lafiyarta ƙalau?"

"Sun fasa gilashin gaba. Sauran yana nan tukuna."

"Tukuna?"

Ya shafa kansa.

"Ya ce kafin magariba in kai masa yaron. Ya riƙe makirufo a gaban mutane, ya ce shi ya kwaikwayi muryata, ya ba da haƙuri. In an yi haka in ɗauki motata. In ba a yi ba, fetur yana nan."

Umma ta ajiye tsumman.

"To ai shi ke nan. Ya tashi ya wanke fuska ku tafi."

Na juya na kalli Baba. Ya zuba wa takalmansa ido kamar yau ya fara ganinsu.

"Baba."

Bai ɗago ba.

"Baba, ka san ba ni ba ne."

"Kai, rufe min baki," in ji Umma. "Har yanzu ba ka ji jiki ba?"

"Umma, memorin nan a ina yake kwana? A aljihunsa. Da hannunsa yake sa shi, da hannunsa yake cire shi. Ranar da na ce ya ba ni in zuba masa waƙoƙi, cewa ya yi in na taɓa shi sai ya karya min yatsa. Yaushe na same shi har na ɗauki murya a ciki?"

Umma ta ɗauke ido daga kaina. Ta juya a hankali.

"Malam?"

"Ki ba ni ruwa in sha."

"Ba zan ba ka ba sai ka amsa min."

Tunda nake ban taɓa jin Umma ta hana Baba ruwa ba.

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Muryata ce."

Umma ta zauna a ƙasa, a nan inda take tsaye, kan simintin da ya jiƙe.

"Kai? Kai da kake korar yaron nan daga kan tabarma in ya ambaci Injiniya muna cin abinci?"

"Ni."

"Me suka ba ka?"

"Babu wanda ya ba ni komai. Injiniya bai ma san ina duniya ba."

"To hauka ka yi?"

Baba ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba.

"Da kamfe ya matso na je wurin Ciyaman in ji abin da zan faɗa bana. Kin san yadda muke yi. Ya gaya min, in tsara da bakina, in ɗauka. Sai ya ce min, Mai Murya, kar ka wahalar da maƙogwaronka, ta zaɓen baya tana nan? Sa ta kawai. Na ce ai ta tsufa. Ya ce in je in saurara in gani."

Ya gyara zama.

"Na dawo na shiga mota na rufe gilashi na kunna. Ruwa yana zuwa. Gada tana zuwa. Asibiti zai samu likita. Ko kalma ɗaya ba ta neman gyara. Na lalubo ta zaɓen da ya gabace shi. Ita ma haka. Muryata ce kawai ta fi ƙarfi a lokacin."

Ya juyo ya dubi Umma.

"Ita muke ta zagayawa da ita bana. Tsohuwar. Kuma ba wanda ya lura. Ina tuƙi ina jin kaina ina yi wa mutane alƙawarin da na yi musu tun Auta yana rarrafe, suna ɗaga min hannu. Sai wata rana na ce bari in ji yadda ɗaya maganar za ta zauna a bakina. Na ɗauka, na saurara ni kaɗai, na ce gobe zan goge. Ban goge ba."

Ni kuwa duk da kunnena yana zugi, sai na ji murna ta taso min.

"Ke nan Baba kai ma namu ne?"

Ya watso min harara.

"Naku wa? Kar ka soma yi min murna. Mutumin naka ko tashar mota bai taɓa riƙewa ba. Kai nan na ba ka motar nan ka yi ribas, ka kwashe rumfar mai tumatir. Shi kuma ƙasa sukutum za a miƙa masa ya koyi tuƙi da mu a ciki."

"Amma ai ka ce a ba shi."

"Na ce. Na kuma kwana ina jin tsoron abin da na ce."

"Baba, ai gara a gwada."

"A gwada?" Umma ce ta karɓe. "A gwada a kan wa? Kai ba a haife ka ba lokacin da na ga mai cewa canji. Shi ma matashi ne, shi ma bakinsa kamar zuma. Mun yi masa tafi har tafin hannunmu ya yi zafi. Ba a rufa shekara ba ina tsaye a layin kananzir da cikin yayarka, ana harbi a bayan kasuwa. Keken ɗinkina a lokacin ya tafi. Ubanka ya yi watanni ba wanda ya kira shi ko tallar sabulu."

"Wancan daban, Umma."

"Kowanne daban ne kafin ya hau. Dattijo bai kawo ruwa ba, na sani, ni nake sayen ruwan. Amma tun da ya zauna kuke fita kuna dawowa. Ni abin da na sani ke nan. Ku maza kuna son ku ga sabon abu, ni so nake in ƙirga ku da daddare in same ku cif."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Gaskiyarki."

"Gaskiyata ba za ta dawo da mota ba."

Ta tashi, ta kakkaɓe zaninta. Ta zo ta tsaya a gabana. Ba ta iya haɗa ido da ni ba, kunnena take kallo.

"Auta."

"Na'am."

"Kai yaro ne. In ka ce kai ne, za a ce ƙuruciya, a zage ka kwana biyu a manta. In ubanka ya ce shi ne, mun gama a unguwar nan. Babu mai sake kiransa aiki, ko su ko waɗancan. Waɗancan za su ce ɗan leƙen asiri ne, waɗannan su ce maci amana."

"Ke," in ji Baba. "Kar ki ɗora masa."

"In ban ɗora masa ba wa zan ɗora wa? Da me za mu ci? Da muryar da babu lasifika?"

"Na ce kar ki ɗora masa. Dukan da ya sha ma nawa ne."

"To me ya sa ba ka faɗa ba a filin, lokacin da suke dukan nasa?"

Wannan ta shige shi. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Na buɗe baki," ya ce. "Babu abin da ya fito."

Mai Murya ke nan. Mutumin da in ya yi gyaran murya a bakin layi ake ji a ƙarshen layi.

Ya miƙe ya ɗauki buta.

"Bari in yi la'asar. Babu wanda zai fita daga gidan nan sai na idar."

Ya shiga ɗaki. Na ji ya tada kabbara.

Umma ba ta ce min tafi ba. Ba ta kuma ce min zauna ba. Ta ɗauko min wata riga daga kan igiya ta miƙo min, ta juya baya.

*

Gidan Ciyaman katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, an buɗe ta duka biyu don mutane su gani. Motarmu tana tsakiyar fili. Gilashin gaba ya zube a kan kujeru. A kan bonet, murfin injin, an ajiye jarkar fetur, kuma tamu ce, wadda muke zuba wa janareta.

Yaran Ciyaman suna zaune a kan katangar fulawa. Babbansu, wanda ake kira Dogo, shi ya fara ganina.

"Ga ɗan wasan kwaikwayo ya iso. Yi mana muryar akuya mu ji."

Suka kwashe da dariya. Na wuce su.

Ciyaman yana zaune a farar kujerar roba a inuwar baranda, yana fifita da jarida. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Ina ubanka?"

"Yana salla."

"Ya san ka taho?"

Na kau da kai. Ya gyaɗa kai, ya yi wa yaransa alama su ja baya.

"Matso."

Na matsa.

"Ranka ya daɗe, ni na yi. Baba bai san komai ba. Na saci memorin ne na..."

"Bari, bari." Ya ɗaga jaridar. "Ajiye wannan sai ka riƙe makirufo. Ni kar ka ɓata min lokaci. Tun uwarka tana da cikinka nake jin muryar Mai Murya. Kana kwaikwayonsa da kyau, na taɓa jin ka, amma kai sauri kake yi. Shi yana jira magana ta sauka kafin ya ɗora wata. Muryarsa ce."

Na ɗago na dube shi.

"Ka sani?"

"Tun kalmar farko."

"To me ya sa ka ce a kawo ni?"

"Don ina son ubanka." Ya faɗe ta kamar yana gaya min farashin burodi. "In aka ce Mai Murya da kansa ya juya, gobe waɗancan za su sa shi a kowace waya a ƙasar nan. Daga sama za a kira ni a tambaye ni yadda na yi sake. Ni kuma dole in nuna musu abin da na yi a kai. Ka gane? In aka ce ɗansa ne mara jin magana, dariya za a yi. Jam'iyya ta tsira, ubanka ya tsira, mota ta koma gida."

"Ni kuma fa?"

"Kai me kake da shi da zai ɓaci?"

Ya yi murmushi.

"Kun ce ku canji kuke so. Madalla. Mu mun daɗe a cikin abin nan, yaro. Daɗewar ita take koya maka wa zai iya ɗaukar kaya, wa zai karye. Injiniyanku da shi ne a kujerar nan, da yanzu ya hau waya yana rantsuwa zai binciko gaskiya, kafin ya gama an ƙone gidaje uku."

"Ai da a ce ruwan ya zo, da ba a kai ga haka ba."

Ban san lokacin da ta fito ba. Ya dube ni, ya daina fifita.

"Bakin nan naka. To ka yi amfani da shi yanzu. Ka ce kai ne, ka ce yaran Injiniya ne suka sa ka. Ka kira sunan biyu daga cikinsu."

"Baba bai ce min da sunaye ba."

"Ban gaya masa ba. Mutane ba za su yarda kai kaɗai ka yi ba, sun san ba ka da wannan natsuwar. Biyu kawai. Waɗanda kuke zama da su a shagon aski."

"Babu ruwansu."

"Kai ma ai babu ruwanka."

Ya ɗaga hannu. Dogo ya ja igiyar janaretanmu, ya tashi. Wani ya warware wayar makirufo ya miƙo min. Mutane sun fara cika bakin ƙofa, wasu sun hau katanga, wayoyi a sama suna ɗauka.

Makirufon ya yi min nauyi. Na kalli motar. A gefen ƙofarta har yanzu akwai inda na kankare da ƙusa ina yaro. Na kalli jarkar. Na tuna abokaina na shagon aski, ɗaya matarsa ta haihu ko suna ba a yi ba. Na ce a raina zan ce ni ne, in na zo wurin sunaye sai in yi tari, in ga abin da Allah zai yi.

"Jama'a," na ce. Muryata ta dawo min daga saman mota, siririya. "Ni ne Auta, ɗan Mai Murya. Abin da kuka ji ɗazu a fili..."

Mutanen bakin ƙofa suka dare.

Baba ne. A ƙafa ya zo, yana haki, takalminsa ɗaya maɗaurin ya tsinke yana jan sa. Bai gaida Ciyaman ba. Ya zo ya kama makirufon ta saman hannuna.

"Saki."

"Baba, ka bari. Na riga na fara."

"Auta, saki."

"Motar, Baba."

"Na ga motar."

Ciyaman ya miƙe tsaye. Karo na farko ke nan da na ga ya tashi da sauri.

"Mai Murya, ka koma gida. Na buɗe maka ƙofa, kar ka rufe ta da hannunka."

"Na gode, Ciyaman. Ƙofar ta yi min ƙanƙanta, sai na taka yaron nan zan wuce."

Ya zare makirufon daga hannuna. Ya yi gyaran murya, ya jira, kamar yadda yake yi kullum, har sai da kowa ya yi shiru.

"Jama'a, Mai Murya ne. Abin da kuka ji a fili ni na faɗa. Ɗana bai san da shi ba, babu wanda ya aike ni, babu wanda ya ba ni ko ruwan sha."

Wani a kan katanga ya ja salati.

"Kuma kar wani ya ce na koma wurin Injiniya. Ban san shi ba. Ina tsoronsa. Dattijo na san shi, na san iyakarsa, ita ce ta gajiyar da ni. Har yanzu da nake tsaye ban san wa zan dangwala wa ba, ni da ku duka ɗaya ne. Abin da na sani, tallar da kuke ji bana..."

Dogo ya kashe janareta.

Baba ya kalli makirufon, ya ajiye shi a kan bonet kusa da jarkar. Ya ci gaba da bakinsa kawai, kuma har na bayan katanga sun ji.

"...tsohuwa ce. Ta zaɓen baya ce. Ban sake ɗauka ba don babu abin da ya canja da zan gyara. Kowa ya je ya auna da kansa. Ni dai na daina auna muku."

Ciyaman bai ce a yi komai ba. Ya naɗe jaridarsa, ya dubi Baba kamar zai yi magana, ya fasa. Ya juya ya shige cikin gida, ya ja ƙofa.

Dogo ya buɗe jarkar.

Na yi kansa. Ban kai ba, wani ya tare ni da gwiwar hannu a baki, na ji ƙasa a bayana. Ina kwance na ji warin fetur, na ji wutar ta kama da wani irin numfashi. Mutane suka watse suna ture juna a ƙofa. Ta cikin hayaƙi na hango direban Ciyaman ya riƙe Baba a kafaɗa yana tura shi cikin wata baƙar mota.

"Ina za ka kai shi?"

"Gida," ya ce. "Ciyaman ya ce a fitar da shi kar yara su taɓa shi. Ka same shi a can."

Da gudu na koma. Umma tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a hannu. Ta leƙa bayana.

"Ina ubanka?"

"Bai iso ba?"

Na kira wayarsa, a kashe. Na koma gidan Ciyaman, an rufe ƙofar ƙarfen. Ta ƙaramar taga maigadi ya ce min direba ya dawo tuni, wai Baba ne ya ce a sauke shi a bakin babban titi zai ƙarasa da ƙafa.

Mota ta tafi, ƙarfe kawai ya rage. Lasifika huɗu, uku sun narke, ɗaya wani ya gudu da ita. Amfilifaya. Janareta. Memorin. Haƙorina ɗaya na gaba.

Babban titin kuma na bi shi daga farko har ƙarshe, shago shago. Babu wanda ya ga an sauke kowa.